Mutari Mahauci da Miƙar Indoshin

Mutari ya dawo Damagaram daga yaƙin Indoshin a ƙarshen daminar 1954, a bayan kamiyon soja, wato babbar motar kaya, da akwatin ƙarfe da sandar dogarawa. Lokacin da Faransawa suka ɗauke shi soja saurayi ne, ɗan mahauta, ɗan damben da rundawa, wato mahautan unguwar Birni, ke tinƙaho da shi. Da ya sauko daga kamiyon sai da mutane suka ƙura masa ido kafin su gane shi. Ya rame, yana tafiya a karkace saboda wani ɓallin ƙarfe da ya maƙale masa a ƙugu, wanda lokotoron soja ya ce cire shi ya fi barin sa haɗari. Ubansa ya rasu yana can. Wansa Suma'ila ne ya gaji rumfar nama a kasuwa, shi ke riƙe da uwarsu Inno, da kuma Wasila, matar da Mutari ya tafi ya bari tana amarya.

Aka yi ta zuwa barka da arziki. Mutari na zaune a zaure, bayansa manne da bango, idonsa a ƙofa. Ba ya yarda kowa ya bi ta bayansa. Barci ba ya ɗaukar sa sai kaɗan, tuwo kuwa sai ya tsakura ya ture. In aka tambaye shi labarin yaƙi sai ya ce, "Ƙasar ruwa ce da shinkafa."

Suma'ila ya ce aiki ne maganinsa, ya mai da shi rumfa. Hannunsa bai manta fiɗa ba, sai dai in ya sunkuya kan akuya ba ya iya miƙewa sai an kama shi. Ran wata Alhamis, kasuwa ta cika maƙil, wani Bakano mai sayen fata, Habibu, wanda suka saba tun kafin tafiya, ya zo ta baya ya dafa masa kafaɗa zai gaishe shi. Mutari bai san lokacin da ya juya ba. Ya sakar masa gwiwar hannu a haɓa, ya kayar da shi, ya hau ruwan cikinsa yana kirɓa masa fuska, yana faɗin wasu kalmomi da ba Hausa ba. Sai da mahauta suka taru suka ɓamɓare shi. Habibu bai tashi da ƙafarsa ba. Muƙamuƙinsa ya karye, haƙoransa na cikin jini da ƙasa a gindin tebur. 'Yan gardi suka kai Mutari gaban kumandan, Bafaranshen da ke mulkin garin. Kumandan ya dubi lambobin yaƙinsa, ya yi masa faɗa da Faransanci, washegari ya sake shi. Mutanen gari ba su ji daɗin wannan ba, suka soma kauce wa rumfar Suma'ila.

Bayan 'yan makonni abin ya shigo gida. Da hantsi ne, Wasila na daka, taɓarya ta suɓuce mata ta faɗa kan garwar ruwa. Ƙarar ta cika gidan. Mutari ya zube ƙasa rub da ciki, hannuwa a kan ƙeya. Inno ta taso da sauri ta sunkuya ta taɓa shi tana cewa, "Garwa ce, ɗana, garwa ce." Ya cafke hannun, ya murɗe, ya yi jifa da ita. Tsohuwa ta bugu da turmi, goshinta ya tsage, tsintsiyar hannunta ta karye har ƙashi ya turo fata. Yana ƙoƙarin bin ta Wasila ta ɗauki taɓaryar ta sauke masa a gadon baya da duk ƙarfinta. A nan ya dawo hayyacinsa, ya ga uwarsa kwance jini na bin idonta.

Aka kira Suma'ila daga kasuwa. Ya shigo da jinin yanka a riga, ya ɗauke Mutari da mari har leɓensa ya fashe.

"Uwarka ce, Mutari," in ji shi.

"Na gani, Yaya. Ku ɗaure ni."

Suka ɗaure shi da igiyar shanu, suka ɗora shi a kan jaki sai Guna, wurin wani tsohon malami Babarbare, Malam Ari, mai riƙon masu taɓin hankali. Aka sa masa mari a ƙafa, aka haɗa da wani turu a ƙarƙashin tsamiya. Akwai rubutun sha safe da yamma, akwai hayaƙi, wanda kuma ya tayar da hankali akwai dorina. Mutari ya sha ta ba sau ɗaya ba, don in ya ji ihun na kusa da shi sai shi ma ya tashi yana fizgar turun har ƙarfen ya ci masa idon sawu. Zaman wuri ɗaya ya ƙara kama masa ƙugu. Wata rana da safe ya yi yunƙurin tashi ya kama ruwa, ya kasa, ya yi fitsari a kwance. Ya daɗe a haka yana kallon ganyen tsamiya. A nan ne ya tuna da Raman.

Raman wani tsohon Ba'indiye ne mai sharar ɗakin majinyata a likitar soja ta Saigon, wato asibitin soja, ɗan wani gari na Indiya da ke hannun Faransa. A can aka kwantar da Mutari bayan bam ya tashi da su a gonar shinkafa, ya kwana cikin taɓo tsakanin gawawwakin abokansa. A likitar ma ba a iya masa. Ya ciji mai ba da magani, ya fasa kwanon wanka a kan wani sarjan, har aka ɗaure shi da gado. Raman ne kaɗai ba ya tsoron sa. Ya ajiye tsintsiya, ya zauna a inda Mutari ke iya ganin sa, ya ɗora tafin hannu a kan cikinsa, ya ce da guntun Faransancinsu na soja, "Ja iska ta zo nan. A hankali. Yanzu sake ta, ka fi daɗewa wajen sakin." Da aka kwance shi, tsohon ya koya masa wasu miƙe-miƙe: ya kwanta rub da ciki ya ɗaga ƙirji kamar gamsheƙa, ya durƙusa ya tanƙwara baya ya sake kamar kyanwa, ya zauna ya murɗa jiki dama da hagu, daga ƙarshe ya kwanta shame-shame kamar gawa ya saki kowace gaɓa. Ya ce a ƙasarsu ana kiran abin yoga, kuma ba magani ne da za a sha a warke a ajiye ba, kullum ake yi kamar wanke baki. Da wannan Mutari ya taka ƙafarsa lokacin da lokotoro ya fid da rai. Amma a jirgin ruwa na dawowa abokansa suka yi ta masa dariya suna cewa wasan mata ne, ya ji kunya ya daina.

A gindin tsamiyar ya sake farawa. Ranar farko numfashin kawai ya iya, shi ma yana yi yana tsinkewa. Daga baya ya mirgina ya ɗaga ƙirji kaɗan, zafi ya sa hawaye suka zubo masa. Bai fasa ba. Da zarar an sallame asuba sai ya ja turunsa gefe ya yi abin da sarƙar ta bar shi ya yi.

Masu tsaron wurin suka kai wa malam labari cewa sojan nan ya shigo da sallar arna. Malam Ari ya zo da kansa, ya tsaya yana kallo har Mutari ya gama.

"Wa kake yi wa sujada?"

"Allah gafarta Malam, ba sujada ba ce. Bayana nake miƙewa."

"Me kake karantawa in ka rufe ido?"

"Ba na karanta komai. Numfashina nake saurare."

"Wanda ya koya maka musulmi ne?"

"A'a. Amma bai taɓa ce mini in kira sunan wani abu ba. In lokacin salla ya yi ma shi ke kawo mini ruwa."

Malam ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Kar ka fuskanci gabas in za ka yi, don kar mutane su ruɗe. Kuma salla ta riga shi." Ya juya ya ce wa masu tsaron su ƙara masa tsawon sarƙa.

Sauƙin bai zo da gudu ba. Barci ne ya fara dawowa, sai cin abinci. Sannu a hankali ƙugun ya saki, ya soma tashi ba tare da ya dafa turu ba. Wata rana wani sabon majinyaci ya kurma ihu kusa da shi, jikin Mutari ya ɗauki rawa kamar kullum, amma ya kama cikinsa ya ja iska ya sake, ya ja ya sake, har rawar ta wuce bai tashi ba. Malam Ari ya gani daga rumfarsa. Da bazara ta yi ya sa aka cire masa mari, ya aika Damagaram a zo a tafi da shi.

Ya iske hannun Inno ya ɗoru a karkace, ba ta iya riƙe ludayi da shi. Ya durƙusa gabanta yana neman gafara. Ta ce ta yafe tun ranar, amma ya lura in ya shigo tsakar gida sai ta matsa kusa da ƙofar ɗakinta. Ya je Zango wurin Habibu neman gafara. Habibu ya saurare shi da karkataccen bakinsa, ya ce, "Allah ya yafe mana," bai miƙa masa hannu ba.

Kullum bayan asuba Mutari na hawa duwatsun da ke bayan Birni da buzunsa. Mata masu zuwa ɗiban ruwa suka gan shi, labari ya bazu, aka laƙaba wa abin suna miƙar Indoshin. Aka yi dariya aka gaji. Ya ajiye sanda, ya koma fiɗa, har yana ɗaukar cinyar saniya a kafaɗa. Ba wai ciwon ya bar shi ɗungurungum ba ne. Lokacin babbar salla aiki ya yi yawa ya bar hawa dutse na 'yan kwanaki, sai ga shi ya wurga wa wani kare barho a tsakiyar kasuwa, wuƙar ta wuce ta gefen ƙafar wata mai fura. Tun daga nan Wasila ta sa masa ido. In ta ga yana zazzare ido a kan abin da bai kai ya kawo ba sai ta ce, "Maigida, yau ba ka hau dutse ba." Sai ya ɗauki buzu ya fita. A shekara ta uku ta haifa masa 'ya mace, aka sa mata Bintu, kuma Inno da kanta ta ɗora masa ita a cinya.

A 1958 aka zo da maganar ƙuri'a, a zauna da Faransa ko a rabu. Gari ya rabu biyu, har maƙwabta suka daina gaisawa. Suma'ila mutum ne mai baki, ya ɗauki ɓangare guda, rumfarsa ta zama wurin taruwar masu ra'ayinsa. Akwai kuma wani tsohon direban kamiyo, Mai Nasara, wanda ya tara zauna-gari-banza yana ba su gora da barandami, yana yi wa wasu manya na ɗaya ɓangaren aiki. Ya tare Mutari a hanyar mahauta.

"Soja, irinka muke nema. Hannun da ya karya bakin Bakanon nan bai kamata ya ƙare a hanjin akuya ba."

"Na yi wa wasu yaƙi na ga abin da na samu," in ji Mutari. "Ka nemi wani."

"To ka ja wa wanka kunne."

Mutari ya faɗa wa Suma'ila. Suma'ila ya yi tsaki ya ce a rumfar ubansa babu mai hana shi magana.

Ana saura 'yan kwanaki ƙuri'a, ranar kasuwa da azahar, suka zo. Mutari na bayan rumfa yana wanke tumbi ya ji kasuwa ta yamutse. Kafin ya zagayo sun kifar da teburin nama, sun fasa kan wani tsoho mai kilishi, mata na gudu suna tattake ƙwarya. Ya hango Suma'ila tsaye da ƙafar saniya a hannu yana kare kansa. Wani ya sauke masa gora a ƙeya, ya durƙusa. Mai Nasara ya matso ya soka masa wuƙa a ƙarƙashin haƙarƙari, ya zare.

Mutari ya ɗauki ƙotar gatarin sara ƙashi. Na farkon da ya tare shi ya ɗaga hannu zai kare, ƙotar ta karya hannun gida biyu. Na biyu ya samu a gwiwa, ya faɗi yana birgima cikin jinin yanka. Sauran suka watse. Mai Nasara ya juya zai gudu, santsin kitse ya kwashe shi. Mutari ya faɗa masa, ya take wuƙar da ke hannunsa har yatsun suka yi ƙara, ya danne masa kafaɗa da gwiwa, ya kama haɓarsa ya karkatar kamar yadda ake wa rago. Barhonsa na ɗamara, bai san sa'ad da ya zaro ba. A kokawar bakin wuƙar ya zabtare wa Mai Nasara rabin kunne. Yanzu tana kan maƙogwaro. Mahauta sun kewaye su, wasu na cewa ya yanka.

Mutari ya ji ƙirjinsa ya ƙulle, babu iska mai shiga babu mai fita. Ya san wannan ƙullewar, shekaru ke nan yana lura da ita a kan dutse, ya kuma san abin da ke biyo bayanta. Ya saki numfashin a hankali. Ya sake ja. Da kunnuwansa suka buɗe, abin da ya fara ji shi ne kakarin Suma'ila a bayansa, yana kiran sunansa. Ya ɗaga gwiwarsa, ya mai da barho ɗamara, ya je ya yage rawanin wani ya cusa a raunin, ya saɓi wansa a kafaɗa ya nufi likita da gudu. Suma'ila mutum ne mai jiki, hanyar kuma da nisa, amma bai sauke shi ba sai a kan gadon lokotoro. Ya yi ta riƙe da hannunsa har la'asar, sa'ad da rai ya yi halinsa.

Kafin 'yan gardi su iso kasuwa, mutanen Mai Nasara sun ɗauke shi. Aka ce ya tsallaka iyaka, ba a sake ganin sa a Damagaram ba.

Ranar sadakar uku, Rakiya matar Suma'ila ta fito daga ɗakin takaba ta tsaya a gaban Mutari, mata na riƙe ta.

"An ce wuƙa na kan wuyansa."

"Haka ne, Yaya Rakiya."

"Uwarka ka karya mata hannu a kan garwa. Wanda ya kashe ɗan'uwanka kuwa ka tashi ka bar shi."

Mutari ya sunkuyar da kai.  Inno ce ta ce daga inda take zaune, "Da ya yanka, da yau biyu na rasa." Rakiya ba ta dube ta ba. Da ta fita takaba ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu a Dogo, kuma har ta mutu ba ta sake amsa gaisuwar Mutari ba.

Wannan karon lambobin yaƙi ba su cece shi ba. Aka yanke masa ɗauri saboda mutanen da ya karya. A kaso ɗakin ya yi musu kaɗan, sai an yi karɓa-karɓa wajen kwanciya, amma da asuba yakan roƙi a matsa masa ya samu inda zai miƙe. Akwai ranakun da in ya rufe ido ba abin da yake gani sai wuyan Mai Nasara, yana jin da ma ya ja wuƙar. Ba ya musun wannan in an tambaye shi. Yakan ce tunanin na zuwa, yana zama, yana kuma tafiya. Wasu fursunoni suka fara kwaikwayon sa don neman abin dariya, daga baya wani ɓarawon raƙuma mai ciwon wuya ya riƙe abin da gaske.

An sake shi ana shirin bikin 'yancin kai a 1960. Ranar da aka ɗaga sabuwar tuta yana rumfa tun safe, don an yanka shanu da yawa kuma yanzu shi kaɗai ne namiji a gidan.

Bayan kaka wani manomi daga Mirriya ya yi sallama a ƙofar gidansa, yana jaye da ƙanensa ɗaure da igiya a hannu da ƙugu. Sunan ƙanen Gana, daga yaƙin Aljeriya ya dawo. Ya ƙone rumbun hatsinsu, ya sari jakinsu da lauje. Manomin ya ce sun kai shi Guna sun iske Malam Ari ya rasu, wani a can ya ce su nemi mahaucin nan mai hawa dutse.

Mutari ya sa Wasila ta shige ciki da Bintu, ya ce a kwance igiyar.

"Zai ji maka ciwo," in ji manomin.

"Kwance shi. Kai kuma ka tsaya ta gabansa, kar ka bi ta baya."

Ana kwancewa Gana ya zabura ya kai masa naushi a baki. Mutari ya faɗi zaune, ya tofar da jini da guntun haƙori. Bai rama ba. Ya gyara zama a inda Gana ke iya ganin hannuwansa duka biyu, ya tambaye shi da Faransancin soja a wace bataliya ya yi. Gana ya tsaya yana haki. Can ya faɗi lambar.

Gana ya zauna a zauren Mutari har damina ta kusa. Kwanakin farko ba ya yin komai, sai dai ya bi shi dutse ya tsuguna nesa yana kallo. Sau ɗaya ya gudu, aka tsinto shi a bakin tafki ƙafafunsa duk ƙaya. Daga baya ya yarda ya kwanta ya ɗora hannu a cikinsa. Da ruwan shuka ya sauka ya ce zai koma gida, Mutari ya raka shi har bakin gari. Wasu mazan jiya sun zo wurin Mutari bayan Gana. Akwai wanda abin bai yi masa komai ba, danginsa suka mai da shi turu. Gana kuwa ya yi noma a shekarar, ya yi aure a ta gaba, kuma duk Alhamis in ya kawo rake kasuwa yakan biyo ta rumfa ya ajiye wa Mutari ɗauri guda, su gaisa, ya wuce.